Tafkin Annecy a Kan Keke: Zagaye Huɗu da Na Yi, da Wanda Na Fi Komawa Gare Shi

Da misalin ƙarfe shida na safe, a wata ranar Asabar cikin watan Yuni, na jingine kekena a jikin wata bishiya a bakin babban filin ciyawar nan da mutanen Annecy ke kira Le Pâquier, na tsaya ina kallon ruwa. Rana ba ta riga ta leƙo daga bayan duwatsun gabas ba, saboda haka rabin tafkin yana cikin inuwa, amma duk da haka ina iya ƙirga tsakuwar da ke kwance a ƙarƙashin ruwan kusa da gaɓa. Wannan ita ce fitowata ta farko zuwa garin da keke. Daga ranar zuwa yau na koma sau da dama, na bi hanyoyin da ke kewaye tafkin ta ƙasa da ta sama, kuma abin da nake so in rubuta a nan shi ne yadda na sami kowace hanya, da dalilin da ya sa wadda mahaya keken tsere suka fi rainawa ita ce ta fi kwanta mini a rai.

Annecy, wanda masu garin ke furtawa kamar "Ansi", shi ne babban birnin yankin Haute-Savoie a gabashin Faransa, kimanin kilomita 40 kudu da Jeniba ta ƙasar Suwizalan, inda aiki ya zaunar da ni. Yankin bai shiga cikin Faransa ba sai a shekarar 1860. Garin yana zaune ne a kan bakin tafkin ta arewa, daidai inda ruwan ke fita ya zama ƙaramin kogin Thiou wanda ya ratsa tsohon gari. Tafkin kansa yana da tsawon kusan kilomita 15, yana bisa tsayin mita 447 daga teku, kuma wurin da ya fi zurfi ya kai mita 82. Tun ƙarshen 2019 akwai jirgin ƙasa na Léman Express da ke tashi daga Jeniba zuwa Annecy kai tsaye, ana kuma shiga da keke, don haka ban taɓa bukatar mota ba.

Zagaye na farko shi ne na bakin ruwa, wanda ya kai kimanin kilomita 40. Akwai muhawara a tsakanin mahaya game da ɓangaren da ya kamata a fara bi, ni kuwa na tsaya a kan a fara da gaɓar gabas, wato a bi yadda hannun agogo ke juyawa. Dalilina na farko shi ne, tun da a Faransa ta hannun dama ake tuƙi, wanda ya bi ta wannan fuska zai kasance ruwan yana damansa daga fari har ƙarshe, babu layin motoci tsakaninsa da abin da ya zo gani. Dalili na biyu shi ne gaɓar gabas ce ke da wuraren da keke ke kusantar motoci, kuma gara a wuce su da sassafe kafin hanya ta cika, a bar sassauƙan ɓangaren zuwa lokacin da ƙafa ta fara nauyi.

Daga garin ana bi ta Annecy-le-Vieux, a shiga Veyrier-du-Lac a ƙarƙashin dutsen da ke da suna ɗaya da ƙauyen, sannan a isa Menthon-Saint-Bernard, inda tsohuwar fada mai hasumiyoyi ke tsaye a kan tudu tana kallon ruwa. Daga nan hanyar takan rabu da gaɓa na ɗan lokaci, domin wani ƙaton dutse mai daji a kansa, Roc de Chère, ya shiga cikin tafkin ya tare wurin, an kuma keɓe shi a matsayin gandun da doka ta kare. Ana hawa a hankali ta bayansa, sai kuma hanya ta karye zuwa Talloires da gangara mai kwana-kwana. A nan ne wanda bai saba ba ya kamata ya riƙe birki tun daga sama, domin ido yana son ya tafi kan ruwan da ya buɗe a ƙasa, alhali kwanar da ke gaba tana bukatarsa. Ni nakan tsaya ne ɗungurum a gefen hanya in cika idona, sannan in sauka hankalina yana kan kwalta. Daga wannan wuri ake ganin yadda tafkin ya tsuke tsakanin Talloires da tsinin ƙasar Duingt da ya kutsa cikin ruwa, ya rabu gida biyu: babban tafki ta arewa, ƙaramin tafki ta kudu.

Ƙaramin tafkin ne na fi so. Duwatsu sun matso kusa da shi ta kowane gefe, ruwansa ya fi duhu, gidaje sun ragu, kuma da safe babu abin da ake ji sai ƙarar sarƙa da ta tayoyi. A ƙarshensa, wajen Doussard, akwai fadama mai ciyayi da dogayen kara, wadda ita ma an kare ta, inda koguna biyu, Eau Morte da Ire, ke zuba ruwansu cikin tafkin. A nan ake juyowa arewa a hau hanyar da Faransawa ke kira voie verte, wato koriyar hanya, wadda aka haramta wa motoci. Tsohon layin dogo ne da ya haɗa Annecy da Albertville tun 1901, da jirgi ya daina bi sai aka cire ƙarafunan aka shimfiɗa kwalta. Saboda jirgin ƙasa ba ya son tudu, hanyar a miƙe take kamar tabarma, kuma a Duingt tana shiga cikin ramin da aka haƙa wa jirgin a cikin dutse, wuri mai sanyi da danshi ko da a tsakiyar bazara. Daga nan sai Saint-Jorioz, sai Sevrier inda masana'antar Paccard mai ƙera manyan ƙararrawa take, sana'ar da gidan ya fara tun 1796, sai kuma a shiga Annecy ta gefen tashar jiragen ruwa.

Mahaya da yawa da na yi hira da su suna ɗaukar wannan zagaye a matsayin ɗumama jiki kawai, ko hanyar iyali da masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne cewa daga ƙarfe goma na safe a watannin Yuli da Agusta koriyar hanyar takan cika da yara, da masu keken haya, da masu takalmin taya, da tsofaffi a kan keken lantarki, har ya zama wanda ya zo da niyyar gudu ba zai ji daɗi ba, kuma zai iya jawo wa wani rauni. Amma wannan hujja ce ta a fito da wuri, domin hanyar kanta ba ta da laifi. Ya kamata kuma a tuna cewa a ranar 23 ga Yuli 2009 babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta yi tseren agogo na kilomita 40.5 a kewayen wannan tafki, inda kowane ɗan tsere ke fita shi kaɗai. Sun bi ta yamma suka dawo ta gabas, aka ƙara musu hawan tudun Bluffy, Alberto Contador na Sifaniya ya gama cikin ƙasa da minti 49, ya riga Fabian Cancellara na Suwizalan da daƙiƙa 3 kacal. Ni nakan yi awa biyu da 'yan mintuna tare da tsaye-tsaye, kuma a cikin waɗannan tsaye-tsayen ne na san tafkin.

Abin da ya fi kama hankalina a bakin ruwan shi ne tsabtarsa, musamman da na gane cewa ba haka yake ba a da. A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙazantar gidaje da otal-otal tana kwarara kai tsaye cikin tafkin, ruwan ya fara lalacewa, kifaye masu son ruwa mai tsabta suka fara raguwa. Wani likita a garin, Paul Servettaz, yana cikin waɗanda suka dage da faɗakarwa, har a 1957 ƙananan hukumomi takwas na bakin tafkin suka haɗa kai suka kafa hukumar da a yau ake kira SILA. Aikin da suka yi shi ne shimfiɗa babban bututu a kewayen tafkin wanda ke tattara duk ruwan datti ya kai shi matatar da ke ƙasa da gari, ta yadda ba ya komawa cikin tafkin. An ɗauki shekaru ana wannan aiki, kuma a yau daga wannan ruwa mutanen Annecy ke sha. Duk lokacin da nake tafe a gaɓar yamma nakan tuna cewa a ƙarƙashin ƙasar da ke kewaye da ni akwai wani zagayen da ba a gani, wanda ba don shi ba da babu wanda zai zo kallon wannan ruwa. Na tashi a garin da na ga tafkuna da kududdufai sun zama juji a idona, don haka wannan labari yana taɓa ni fiye da tsayin kowane dutse.

Zagaye na biyu shi ne na Forclaz. Kalmar col a Faransanci tana nufin mashigin da hanya ke bi ta ƙetare tsakanin duwatsu biyu, kuma Col de la Forclaz yana bisa kimanin mita 1,150, wato sai an hau mita 700 daga bakin ruwa. Ana fara shi kamar zagayen farko har zuwa bayan Menthon, sannan a bar hanyar Talloires a karkata hagu a fara hawa. Kilomitocin farko suna yaudarar mutum, domin akwai wuraren hutu har da 'yar gangara a tsakiya, sai ya ɗauka ya fi ƙarfin dutsen. Kilomita ukun ƙarshe ne ke faɗin gaskiya, inda hanyar ke tashi da mita goma ko fiye a cikin kowace mita ɗari, babu sassauci. A karo na farko na zo da giyar keke da ta dace da fili, na kuma fara da ƙarfi fiye da kima, sai da na sauka sau biyu na tsaya numfashi ya dawo. Da na koma na sa an canja mini faifan giya na baya zuwa mai haƙora 32 da ke sauƙaƙa hawa, na fara a hankali tun daga ƙasa, na kai sama ban sa ƙafa a ƙasa ba. Shawarata ga duk wanda zai gwada shi ita ce ya duba giyarsa kafin ya duba ƙarfinsa, ya kuma ci wani abu tun bai ji yunwa ba.

Ladan wannan wahala yana can sama. Daga bakin mashigin tafkin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, daga Doussard har zuwa rufin gidajen Annecy, ana ganin tsukewar Duingt kamar an ɗaure shi da ɗamara, ana kuma iya bin hanyar da aka zagaya jiya da ido, ƙauye bayan ƙauye. A baya dutsen La Tournette ne, mai tsayin mita 2,351, wanda ya fi duk duwatsun bakin tafkin. Wurin yana daga cikin fitattun wuraren da masu shawagi da lema ke tashi a Turai, suna gudu 'yan taku a kan gangara iska ta ɗauke su, su yi ta yawo a sama kafin su sauka a filin Doussard. Na taɓa zama kusan awa guda a can ina kallonsu, na manta da ciwon ƙafa. Saukowa ta kudu, ta ƙauyen Montmin zuwa Vesonne, ƙunƙuntar hanya ce mai kaifin gangara da kwanonin da ba a ganin bayansu, wani lokaci da tsakuwa ko kashin shanu a kan kwalta. Ba wurin gwada jarumta ba ne. A matsa birki a saki, a matsa a saki, kada a riƙe shi gaba ɗaya har ya yi zafi. Da an sauka sai a hau koriyar hanya a koma gari, duka-duka ɗan sama da kilomita 50.

Zagaye na uku, na Semnoz, shi ne mafi hawa sama, kuma a ganina shi ne ya fi nisa da tafkin ta kowace ma'ana. Semnoz dogon dutse ne da ke kwance yamma da ruwan, a bakin tsaunukan Bauges, ƙololuwarsa Crêt de Châtillon tana da mita 1,699, kwalta kuma tana kaiwa kusan 1,660. Wanda ya hau shi kai tsaye daga Annecy zai yi kimanin kilomita 17 yana hawa cikin daji, ya tashi mita 1,200, kusan babu abin da yake gani sai bishiyoyi. Na fi son in bi ta Sevrier in hau Col de Leschaux, mai mita 897, wanda hawansa mai taushi ne, mutum yana iya hira a kansa yana waiwayen tafkin ta hagu, sannan daga can in juya in hau Semnoz ta bayansa, inda daji ke buɗewa ya zama makiyaya, ana jin ƙararrawar wuyan shanu tun kafin a gan su. Idan sama ta washe, daga can ana ganin Mont Blanc fari fat da ƙanƙara, sama da mita 4,800. Tafkin Annecy kuwa yakan ɓuya a bayan kafaɗar dutsen, sai wani yanki nasa.

A nan ne zango na 20 na Tour de France ya ƙare a ranar 20 ga Yuli 2013. Sun hau ta gefen Quintal, kilomita 10.7 masu tsanani, Nairo Quintana ya bar Joaquim Rodríguez da Chris Froome a baya ya ci zangon, a ranar da ƙasarsa Kolombiya ke bikin samun 'yancin kai, Froome kuma ya riƙe rigarsa mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa ya lashe gasar washegari a Faris. Mahaya da yawa suna zuwa Semnoz ne saboda wannan rana, kuma na fahimce su.

Semnoz ne ya koya mini abin da ban sani ba game da sanyin tsauni. Na taso daga bakin ruwa a wata rana ta farkon Satumba ana zafi, riga ɗaya ce a jikina, na isa sama jiƙe da gumi, sai gajimare ya rufe rana iska ta taso. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri shida a duk mita dubu da aka hau, ga jiƙaƙƙiyar riga, ga gangarar kilomita 17 wadda ba a taka feda a cikinta balle jiki ya ɗumama. Kafin in kai rabi yatsuna sun sandare har ina jin tsoron ba za su iya matsa birki ba, dole na tsaya sau uku ina cusa hannuwa a hammata. Na sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar ba na hawa wani dutse sai da 'yar rigar iska a aljihun baya da safar hannu, ko da kuwa ƙasa tana tafasa.

Akwai zagaye na huɗu da ke kewaye La Tournette ta baya: a hau Col de Bluffy, a sauka Thônes, garin cukun Reblochon, a ƙetare Col du Marais, a fito Faverges, a dawo ta koriyar hanya, sama da kilomita 60. Hanya ce mai daɗi da hawa marar tsanani, ta ratsa ƙauyuka da gonakin ciyawa, sai dai tafkin ba ya cikin yawancinta, don haka sau biyu kawai na bi ta. Wanda ya tsaya cin abinci a wannan yanki, idan Musulmi ne, ya sani cewa tartiflette, abincin dankali da cuku da ake tallarsa a ko'ina, da naman alade ake yin sa, haka ma yawancin busasshen naman da ake jerawa tare da cuku. Burodi da cuku da 'ya'yan itace sun ishe ni, wani lokaci kuma kifin tafkin idan na dawo gari.

Game da shiri, abin da nake ɗauka bai da yawa: tib na ajiya, da faci, da ƙaramin famfo, da gorar ruwa biyu, da dabino. Yawancin ƙauyukan suna da famfon ruwa a dandali, a duba allon da ke jikinsa, idan an rubuta eau non potable to ba na sha ba ne. Dokar Faransa ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari, kuma mafi yawansu suna kiyayewa, ko da yake a gaɓar gabas lokacin hutun bazara haƙuri yakan yi ƙaranci. Hular kwano wajibi ce ga yaran da ba su kai shekara 12 ba, ga manya kuwa zaɓi ne, amma ban ga hikimar sauka Forclaz babu ita ba. Sa abin sauraro a kunne a kan keke laifi ne da ake cin tara a kansa. Watannin da na fi so su ne Mayu da Yuni da Satumba, domin a lokacin hanyoyin sama sun rabu da ƙanƙara, jama'a kuma ba su yi yawa ba.

Idan wani ya tambaye ni yadda zai raba kwana uku a Annecy, zan ce ya yi zagayen bakin ruwa a rana ta farko, ya hau Forclaz a ta biyu domin ya ga daga sama abin da ya riga ya sani daga ƙasa, ya bar Semnoz zuwa ta uku idan ƙafa ta yarda. Wanda ya fara da Forclaz zai ga kyakkyawan shuɗin ruwa da ƙauyukan da bai san sunansu ba. Wanda ya riga ya zagaya kuwa zai nuna da yatsa ya ce ga inda na sha ruwa, ga ramin jirgin, ga kwanar da na tsaya.

Zuwana na ƙarshe a watan Oktoba ne, bayan masu hutu sun watse. Ban hau kowane dutse ba. Na fita bayan sallar asuba hazo yana kwance a kan ruwa, ganyayen Roc de Chère sun koma ja da rawaya, saman La Tournette ya sami ƙanƙarar farko ta shekara. A ƙaramin tafkin na tarar da masunta biyu a cikin kwalekwale, ba su motsi, na tsaya a gaɓa har sanyi ya fara shiga ƙafafuna sannan na ci gaba. Daga Doussard zuwa Duingt mutum huɗu kawai na gamu da su, kowanne ya ɗaga mini hannu. Na shiga gari ƙarfe tara da rabi, na tura keken da hannu a bakin Thiou zuwa gidan burodi, na sayi guda biyu masu zafi, na ci ɗaya a tsaye, na sa ɗayan a aljihu saboda jirgin komawa Jeniba.